Kofi Ɗaya Giram Nawa Ne? Yadda Ake Mayar da Awon Kayan Lambu Zuwa Nauyi

Kofi ɗaya na ɗanyen alayyafo bai wuce giram 30 ba. Wannan kofin dai, idan aka cika shi da yankakken tumatir, sikeli zai nuna wajen giram 180. In kuwa markaɗaɗɗen tumatir aka zuba, zai kai 250. Kofin yana nan yadda yake, amma tsakanin na farko da na ƙarshe akwai ninki takwas. Saboda haka duk wanda aka tambaya kofi ɗaya giram nawa ne, ya ba da amsa nan take bai tambayi abin da ke cikin kofin ba, bai tambayi irin yankan da aka yi masa ba, to shaci-faɗi ya yi.

Kofi da cokali gurbi suke aunawa, wato yawan wurin da abu ya cinye. Sikeli kuwa nauyi yake aunawa. A ruwa ne kawai ma'aunan biyu suke haɗuwa babu gardama, domin mililita ɗaya ta ruwa giram ɗaya ce, lita ɗaya kilo ɗaya. Abin da zai ba mutum mamaki shi ne, su ma kayan lambu kusan ruwa ne zalla. Karas yana da ruwa kashi 88 cikin 100, albasa 89, kabeji 92, tumatir da kokwamba wajen 95. Da a ce za a sassaƙa karas ya shige kofi cif ba tare da ya bar ko kafa ɗaya ba, da nauyinsa ya yi kunnen doki da na ruwa, wato wajen giram 240. Amma yankakken karas a kofi giram 128 ne. Ina sauran ya tafi?

Iska ce ta cike gurbin. Wanda yake so ya gani da idonsa, ya cika kofi da yankakken karas, sannan ya riƙa tsiyaya ruwa a kai har ya zo baki. Kofin da ake ganin ya cika maƙil zai sake shanye wajen mililita 110. Kusan rabin abin da aka auna iska ce. Duk wahalar wannan lissafi a nan take: aikin mayar da kofi zuwa giram aiki ne na ƙiyasta yawan iskar da ta maƙale tsakanin gutsattsari, ita kuma wannan iska wuƙa ce take ƙayyade ta, da hannun da ya cika kofin.

Da farko, wane kofi?

Kalmar kofi a rubutun girki ba abu ɗaya take nufi ko'ina ba. Kofin girki na Amurka mililita 236.6 ne, amma a takardar bayanin sinadarai da ake mannawa a jikin kayan abinci a can, ana ɗaukar sa a matsayin 240. Ostiraliya da Niyu Zilan suna amfani da na 250. Na Japan 200 ne. Tsofaffin littattafan girki na Ingila kuma suna iya nufin kofi mai mililita 284. Cokali ma bai tsira ba. Babban cokali mililita 15 ne a mafi yawan wurare, a Amurka 14.8, amma a Ostiraliya 20 ne. Ƙaramin cokali ne kaɗai kusan kowa ya yarda da shi a kan mililita 5.

Bambancin 237 da 250 bai kai kashi 6 cikin 100 ba, kuma a yawancin girki ba zai tayar da hankalin kowa ba. Na 200 da 284 kuwa ya zarce kashi 40. Yankakkiyar albasar da take giram 160 a kofin Amurka, za ta zama kimanin 170 a kofin 250, ta sauko zuwa 135 a kofin Japan.

Kofin shayi da ke cikin kwabar kicin ba ya cikin wannan lissafi sai an gwada shi. Gwajin ba shi da wuya. A ɗora shi a kan sikeli babu komai a ciki, a danna madannin da ke mayar da lamba sifili, a cika shi da ruwa har baki. Lambar da ta fito ita ce mililitocinsa. A rubuta ta a ajiye.

Akwai kuma tarkon oza. Amurkawa suna da oza biyu masu suna ɗaya: ta nauyi, giram 28.35, da ta ruwa, mililita 29.57. Oza takwas na ruwa kofi ɗaya ne, wannan gaskiya ne. Amma idan aka rubuta oza takwas na alayyafo, nauyi ake nufi, giram 227, wanda ya fi kofi bakwai. Mai girkin da ya haddace cewa oza takwas kofi ɗaya ne, zai ɗebo giram 30 ya zuba, ya yi ta mamakin inda ganyen ya shige. Laba ɗaya kuma oza 16 ce, wato giram 454.

Dalilin da ya sa girke-girken Amurka suka dogara da kofi yana da nasa tarihin. Fannie Farmer, malamar koyar da girki a birnin Boston, ita ce ta yi fice wajen yaɗa awo da shafaffen kofi da shafaffen cokali a littafinta na 1896. A lokacin ci gaba ne babba, domin kafin nan da ɗan kaza da ɗan kaza ake kwatance. Mafi yawan ƙasashen Turai kuwa sikeli suka riƙe. Yau da girke-girke suke yawo a intanet daga kowace kusurwa, mai girki ɗaya yakan ci karo da tsarin biyu a rana guda.

Wuƙa ita ce mai hukunci

Alƙaluman da mafi yawan jadawaloli suke kwafa sun samo asali ne daga rumbun bayanan abinci na Ma'aikatar Noma ta Amurka, kuma a kan kofinsu aka gina su. Yana da kyau a kalle su bibbiyu, domin a nan darasin yake.

Albasa yankan ƙanana giram 160 ce a kofi, amma yankan tsaye mai sirara-sirara 115. Koren tattasai yankan ƙanana 149, yankan tsaye 92 kacal. Kabeji yankakke 89, wanda aka yi wa yankan sili-sili 70. Karas yankakke 128, yankan kwabo 122, gurzajje 110. Kayan lambu ɗaya, kofi ɗaya, amma a tattasai bambancin ya haura giram 50.

Dogayen yanka masu lanƙwasa, irin na albasa da tattasai, suna jingina da juna su yi rumfa, su bar fili a ƙarƙashinsu. Ƙananan gutsattsari masu kusurwa huɗu kuwa suna gangarawa su zauna kusa da juna. Mutane da yawa sukan ɗauka cewa duk yadda yanka ya ƙara ƙanƙanta, nauyin kofi ƙaruwa yake yi. Gurzajjen karas ya ƙaryata wannan. Ya fi yankakke ƙanƙanta nesa ba kusa ba, amma ya fi shi sauƙi, domin zare-zarensa suna sarƙewa su tashi kamar auduga. Siffar yanka ta fi girmansa tasiri.

Girman ma yana da nasa rawar, sai dai ta wata hanya dabam. Manyan gutsattsari ba sa iya manne wa bangon kofi mai zagaye, sai su bar manyan ramuka a gefe da ƙasa. Gwargwadon girman yanka idan aka kwatanta da faɗin kofi, gwargwadon iskar da za ta shiga awon. Shi ya sa idan aka auna kabewa mai manyan yanka kofi-kofi sau huɗu, nauyin da za a samu yakan gaza wanda za a samu idan an zuba ta gaba ɗaya a babban jug mai ɗaukar kofi huɗu. In kuma yankan bai daidaita ba, wasu manya wasu ƙanana, ƙananan za su cusa kansu tsakanin manyan, nauyi ya hau.

Sauran alƙaluman da ake yawan nema, duk ɗanyu kuma a kofin Amurka: dankalin Turawa yankan ƙanana 150, dankalin Hausa 133, kabewa 116, kuɓewa 100, koren wake 100 zuwa 110, ɓararren fis (koren wake mai ƙwayoyi mulmulallu) 145, kokwamba yankan kwabo wajen 105, lawashin albasa 100. Latas ya danganta da iri: mai dunƙulewa kamar kabeji yakan kai 70, mai sakakken ganye bai fi rabin haka ba. Ga kayan ƙamshi, ƙwayar tafarnuwa matsakaiciya giram 3 ce, ƙaramin cokali na dakakkiyarta ma kusan 3, na citta ɗanya kuma 2. Babban cokali na yankakkiyar albasa giram 10 ne.

Ga wanda ba ya son haddace jadawali, akwai hanyar ƙiyasi da ba ta cika kaucewa sosai ba. A ɗauki mililitocin kofi a matsayin nauyin ruwa. Abin da aka markaɗa ko aka dama yana daidai da ruwa ko ya ɗan fi. Kayan lambu masu ruwa-ruwa da aka yanka ƙanana, irin tumatir da albasa, suna tsakanin kashi biyu cikin uku da kashi uku cikin huɗu na nauyin ruwa. Masu tauri, irin karas da dankali, daga rabi zuwa ɗan sama da haka. Kabeji kashi ɗaya cikin uku. Ɗanyen ganye mai laushi kashi ɗaya cikin takwas. Wannan ya wadatar ga tukunyar yau da kullum.

Sai hannun mai awo. Duk alƙaluman da ke sama suna nufin shafaffen kofi, wanda aka zuba a hankali ba a danna ba. Tozo kaɗai yana iya sauya lissafi: a kofi mai faɗin baki santimita bakwai da rabi, tozon da ya tashi santimita biyu da rabi yana ƙara wajen mililita 37, wato kashi 15 cikin 100. Dannawa ta fi haka ɓarna, musamman a ganye da abin da aka gurza. Kofin alayyafo da aka danna da yatsu yana iya ninka nauyin wanda aka zuba sakwa-sakwa. Ganyen da aka wanke ba a tsane ba kuma yana cutarwa ta fuska biyu: yana manne wa juna ya shige kofi da yawa, sannan a kan sikeli ruwan da ke jikinsa ya shiga lissafi. Awon ganye da kofi, a gaskiya, sunan awo kawai yake amsawa.

A kuma lura da yadda aka jera kalmomi a rubutun girki. Kofi ɗaya na yankakken ganye yana nufin a yanka tukuna sannan a auna. Kofi ɗaya na ganye, a yanka, yana nufin a auna shi ɗungurungum sannan a yanka. Na farko ya fi na biyu nauyi sosai. Ba duk marubuta ne suke kiyaye wannan ƙa'ida ba, amma ƙwararru suna kiyayewa.

Ɗanye, dafaffe, busasshe

Wuta tana yin abu biyu da ya kamata a rarrabe. Tana karya ƙarfin jikin kayan lambu su saki, iskar da ke tsakaninsu ta fice. Sannan, a wasu hanyoyin dahuwa, tana ƙone ruwan jikinsu.

A tafasawa da turarawa, na farkon ne ya fi yawa. Karas ko dankalin da aka tafasa nauyinsa ba ya nisa da na ɗanyensa, amma ya yi laushi ya kwanta, don haka kofi yana ɗaukar fiye da da. Dafaffen karas yankan kwabo giram 156 ne a kofi, maimakon 122. Dafaffiyar albasa 210. Dafaffen kabeji yankan sili-sili 150, fiye da ninki biyu na ɗanyensa. Dafaffiyar kabewa da aka dama 245. Alayyafo shi ne gwarzon wannan fage: daga giram 30 zuwa tsakanin 130 da 180, gwargwadon irin ganyen da yadda aka tsane shi. Wanda aka ce ya kawo kofi ɗaya na dafaffen alayyafo, sai ya tanadi ɗanye kofi biyar zuwa shida, ko fiye idan za a matse shi sosai.

A suya da gashi kuwa, nauyin ne kansa yake tafiya. Albasar da aka soya a hankali har ta yi ja ta yi zaƙi tana rasa fiye da rabin nauyinta. A nan babu jadawalin da zai taimaka, domin asarar ta danganta da zafin wuta, da faɗin kasko, da tsawon lokaci. Mafita ita ce a auna kafin a ɗora a wuta, a sake aunawa bayan an sauke, a riƙe rabon don gaba.

Busassun kaya suna da lissafi mai daɗi, domin ana iya fitar da shi daga yawan ruwa. Albasa giram 100 tana da busasshen jiki giram 11 ne kawai. Idan aka busar da ita, abin da zai rage bai wuce giram 11 zuwa 12 ba. Ke nan giram ɗaya na busasshiyar albasa yana tsaya wa takwas zuwa tara na ɗanya. Amma a kofi rabon ba haka yake ba, saboda busassun ɓarɓashi ba su da nauyi kuma suna cin wuri. Rubu'in kofi na busasshiya giram 14 ne, wanda ya yi daidai da ɗanya wajen giram 120, wato kashi uku cikin huɗu na kofi. A nauyi ɗaya ga takwas, a kofi ɗaya ga uku. Wanda ya cakuɗa rabon biyu, ko dai girkinsa ya yi salam ko albasa ta mamaye shi. Tumatir ya fi haka tsanani: kofi ɗaya na busasshe, giram 54, ya fito ne daga ɗanye fiye da giram 800.

Kayan gwangwani suna ɗauke da lamba biyu, nauyin duka abin da ke ciki da nauyin bayan an tsiyaye ruwa. Gwangwanin wake mai giram 400 yakan bar wajen 240 bayan tsiyaya. Ta biyun ce ake kwatantawa da kofi. Kayan firiza kuma a yanke shawara tun farko ko da ƙanƙararsu za a auna ko bayan sun narke an tsane, domin daskararren ganye yana zubar da ruwa mai yawa.

Abin da aka saya da abin da ya shiga tukunya

Giram 160 na albasa a kofi yana nufin albasar da aka riga aka ɓare, aka cire kai da gindi. Mai saye kuwa da ɓawonta yake saya. A ƙiyasin da aka saba amfani da shi, abin da ake zubarwa a albasa kashi 10 ne cikin 100, karas 11, tumatir 9, kuɓewa 14, tattasai 18, kabeji 20, alayyafo 28, kabewa 30, fis mai kwanso kuwa har 62. Dankali ya danganta da mai fira: wuƙa mai kauri a hannun mai gaggawa tana iya cinye rubu'insa, abin fira mai siririn baki kuma bai kai haka ba.

Kuskuren da aka fi yi a nan na lissafi ne. Idan ana buƙatar gyararren kabeji giram 2,100, kuma an san kashi 20 zai tafi, sai mutum ya ƙara kashi 20 a kai ya sayi 2,520. Amma idan aka cire kashi 20 daga 2,520, abin da zai rage 2,016 ne. An gaza. Hanyar da ta dace ita ce a raba abin da ake buƙata da kason da zai rage: 2,100 a raba da 0.80, ya ba da 2,625. A kabeji giɓin ƙarami ne. A fis kuwa, mai neman kofi ɗaya, giram 145, idan ya ƙara kashi 62 zai sayi 235, ya ɓare ya samu 89. Abin da ya kamata ya saya shi ne 145 a raba da 0.38, wato wajen giram 380.

Ga misali cikakke. Girki na mutum shida ya nemi yankakkiyar albasa kofi biyu, gurzajjen karas kofi ɗaya da rabi, kabeji sili-sili kofi uku, da yankakken tattasai kofi ɗaya, ana so a yi wa mutum sittin. Matakin farko a mayar da komai giram tun kafin a ninka: albasa 320, karas 165, kabeji 210, tattasai 150. Sai a ninka sau goma: 3,200 da 1,650 da 2,100 da 1,500. Sannan a raba kowanne da kason da zai rage bayan gyara. Za a sayi albasa kilo 3.6, karas kilo 1.9, kabeji kilo 2.6 da ɗoriya, tattasai kilo 1.8 da ɗoriya. Ba wanda zai tsaya cika kofi sau saba'in da biyar, kuma da zai yi, hannunsa ba zai cika na ƙarshe yadda ya cika na farko ba.

Haka matsalar take idan aka ce albasa ɗaya matsakaiciya. A alƙaluman Ma'aikatar Noma ta Amurka, matsakaiciyar albasa giram 110 ce, karas 61, tumatir 123, tattasai 119. Amma abin da ake kira matsakaici a wani wuri ƙato ne a wani. Idan kayan da ke hannu ƙanana ne, a bi giram, a manta da ƙidaya.

Inda kuskuren yake ciwo

Ba kowane girki ne ya cancanci wannan ɗawainiya ba. A miya ko romo, albasa giram 140 da giram 180 duk tafiyarsu ɗaya, harshe ne zai daidaita sauran. Wanda ya tsaya auna karas ɗin miya har zuwa giram ɗaya, lokacinsa kawai yake ɓatawa.

Wurare huɗu ne abin yake da muhimmanci. Na farko gashin fulawa da ake sa wa gurzajjen kayan lambu, irin kek ɗin karas. Kofin da ya kamata ya zama giram 110, idan aka danna shi ya kai 150, an ƙara wa kwaɓin ruwa wajen giram 35, fiye da babban cokali biyu. Sakamakon shi ne tsakiya ta ƙi gasuwa ko kek ya zauna bayan an fito da shi.

Na biyu adana kayan lambu da gishiri. Idan za a tsima kabeji, ana sa gishiri wajen kashi 2 zuwa 2.5 cikin 100 na nauyinsa, wato giram 20 zuwa 25 ga kowane kilo. A ce an rubuta kabeji kofi goma da gishiri giram 20. In yankan sili-sili ne ba a danna ba, kabejin giram 700 ne, gishirin ya kusa kashi 3, tsimuwa za ta yi jinkiri kuma ya yi gishiri. In an danna har ya haura kilo da ɗari biyu, gishirin ya faɗo ƙasa da kashi 1.7, kabejin yana iya yin laushi ya lalace. Shi kansa gishirin a auna shi a sikeli, domin mai laushi wajen giram 6 ne a ƙaramin cokali, mai manyan ƙwayoyi kuma bai kai haka ba.

Na uku masu lissafin abin da suke ci saboda lafiya, kamar masu ciwon sukari. A kabeji kuskuren giram 20 bai wuce kalori biyar ba, ba abin damuwa ba ne. Dankalin Turawa kuwa yana da sitaci da dangoginsa wajen giram 17 a kowane giram 100, kuma kofinsa yana tashi daga 150 idan yankakke ne zuwa wajen 210 idan an dafa an dama. A kayan lambu masu sitaci sikeli ya zama dole. A kuma tabbatar ko alƙaluman da ake dubawa na ɗanye ne ko na dafaffe.

Na huɗu girkin sayarwa da na taro, inda ƙaramin kuskure yake ninkuwa sau hamsin, kuma ake so ɗanɗanon yau ya zama irin na jiya ko da wani ne ya yi yankan.

Fitar da lambar kai

Jadawalin da aka samo a waje mafari ne kawai, domin an gina shi da wuƙar wani da kofin wani. Wanda yake maimaita girki ɗaya, gara ya fitar da tasa lambar sau ɗaya ya huta.

Ana buƙatar sikelin lantarki mai nuna giram ɗaya-ɗaya, wanda yake ɗaukar kilo biyar. A ajiye shi a wuri mai tauri kuma shimfiɗaɗɗe, ba a kan tawul ko katakon da ke lilo ba. A gwada gaskiyarsa da ruwan da aka san yawansa: rabin lita ya nuna 500, da bambancin giram biyu ko uku. Batirin da ya yi sanyi yana sa lamba ta riƙa rawa, a canza shi.

Sai a yanka kayan yadda aka saba yankawa a wannan girkin. A ɗora kofi, a mayar da lamba sifili, a zuba da hannu ko cokali ba tare da dannawa ba, a ɗan buga gindin kofin sau ɗaya, a shafe baki da bayan wuƙa, a rubuta nauyin. A juye, a sake cikawa, har sau uku, ga ganye sau biyar. A haɗa a raba. Idan aka samu 152 da 165 da 158, lambar ita ce 158, a mayar da ita 160. In tazarar da ke tsakanin mafi girma da mafi ƙanƙanta ta wuce kashi 10 cikin 100, to yankan ne bai daidaita ba ko hannun yana sauyawa, a sake.

Ƙananan abubuwa suna da tasu matsalar. Sikelin da ke tafiya giram ɗaya-ɗaya ba ya iya tantance giram 2 da 3 da kyau, kuma da yawansu idan ana barbaɗa abu kaɗan-kaɗan sukan ɗauka girgiza ce su ci gaba da nuna sifili. Don tafarnuwa ko citta, a auna cokali goma a tare a raba da goma, ko a nemi ƙaramin sikeli mai nuna kashi ɗaya cikin goma na giram.

A wajen rubutawa, lamba ita kaɗai ba ta isa ba. A rubuta sunan kayan, da irin yanka, da halin da yake ciki, da kofin da aka yi amfani da shi: albasa, ɓararriya, yankan rabin santimita, ɗanya, kofin 250, giram 170. A gefe kuma a ƙara nauyin da aka saya kafin gyara, domin ranar da za a ninka girkin, wannan lambar ce za a fara nema.